Dariyar da Na Yi a Gaban 'Yar Malaminmu

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni tela ne a unguwar Zahir a Makka, ina ɗinka wa manyan alhazan gida Najeriya jallabiya. Amma a ƙuruciyata a Kano ina cikin samarin da ke bin wani malamin makaranta mai ra'ayin gurguzu, wanda ya koya mana cewa talaka ma mutum ne. 'Yan daba suka kashe shi a ƙofar gidansa. Mu huɗu cikin mabiyansa neman abinci ya kawo mu Makka, kuma duk shekara idan ranar ta zagayo mukan taru a ɗakin dattijon cikinmu a unguwar Ka'akiyya, mu yi masa addu'a, kowa ya faɗi abin da ya tuna.

Wata shekara 'yarsa, wadda aka kashe shi tana cikin mahaifiyarta, ta zo Umara. Ranar taron dattijon ya kawo ta shagona da hantsi don mu wuce taron tare. Suka tarar ina auna wani Alhaji, babban mai kawo mini ɗinki. Da Alhajin ya ji inda za mu, sai ya ce ashe har yanzu ana tuna wannan ɗan gurguzun da bai san Allah ba, ai mutuwarsa hutu ce ga gari. Na san ƙarya ne, don na sha bin malam sallah. Amma na yi dariya, har na ce ai ƙuruciya ce ta ja mu.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta kira ni Baba, ta ce mahaifiyarta ce ta ce lalle ta neme ni, domin ni na wanke gawar mahaifinta. Ta yi mini sai an jima, suka fita. Kunya ta hana ni bin su. Shekarar da ta biyo dattijon ya rasu, taron ya watse, ban kuma samu na roƙi gafarar ko ɗayansu ba.

Na gane cewa tuna mamaci a ɗaki, cikin masoyansa, ba wuya. Ranar da aka ci mutuncinsa a gabanka ake sanin ko kai nasa ne. 'Yan'uwa, idan ba za ku iya kare wanda ya mutu dominku ba, ku yi shiru. Ko shirun ni ban iya ba.