Tulun da ke Ƙarƙashin Gadon Inna

Muna fitar da gadon Inna ke nan, sai ta zauna daram inda gadon yake, ta ce, "Ba inda za ni."

Ƙanena da ke aiki Abuja ne ya aiko da katako, wai a shimfiɗa mata a ƙasan ɗaki irin na 'yan birni. Kafinta ya ce sai an kwashe komai an daidaita daɓen.

Da ƙyar muka lallashe ta ta matsa. Ashe tulu ne binne a wurin, an liƙe bakinsa da laka, cike da gero. Mu kuwa wata uku ke nan muna awo a kasuwar Sabon Birni saboda farin bana.

Na ce, "Haba Inna, muna fama, ke kina kwana bisa hatsi?"

Ta ce, "Wanga iri ne. Da kun sani, da tuni kun shanye shi a fura. Ran da ruwa ya sauka, katakon za ku shuka?"

Dole kafinta ya yanka mata murfi a jikin katakon, daidai bakin tulun.

Ku fa, mi tsofaffinku suka taɓa ɓoye muku, daga baya kuka gode?