Ganga Ta Talatin Da Ɗaya

Shekara talatin da huɗu Verne Lahti ya yi a masana'antar takarda ta garinsu, can arewacin Michigan, kuma ashirin daga ciki sauraro ne aikinsa. Da zuba wa inji mai ya fara, kamar ubansa. Daga baya aka tura shi kwas, ya dawo da wata na'urar auna girgiza da ake ratayawa a wuya, mai waya da ɗan kan maganaɗisu. Ya manna kan a gidan boris, ya ƙirga goma, ya wuce na gaba. Boris sama da ɗari, kowanne zoben ƙarfe biyu da 'ya'ya masu gangarawa a tsakani, ke ɗauke da gangunan da ke busar da takarda, kuma ya san muryar kowanne kamar yadda ya san tarin matarsa.

A ofis kwamfuta ke tsefe masa girgizar. Ta ture rugugin injin gefe, ta tace, ta bar 'yar ƙwanƙwasar da ke ɓoye a ƙarƙashi, ta zana ta tsini-tsini. Lafiyayyen boris ba ya ƙwanƙwasa. Wanda ya tsage kuwa, duk sanda ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya taka tsagar sai ya yi ƙas, kuma daga tazarar da ke tsakanin ƙas da ƙas Verne kan faɗi ko zoben ciki ne ko na waje. Boka suke ce masa. Da can yabo ne.

Akwai al'ada a wurin. Duk boris ɗin da Verne ya sa aka tsayar da inji aka ciro, a kan teburin ƙarfe na bita, wato ɗakin gyara, ake yanka shi, kowa na kallo. Bara an yanka ɗaya, aka tarar da shi sumul kamar madubi. Ashe girgizar wani famfo ce ta biyo daɓe ta ruɗe shi. Da bazara aka yanka na biyu, shi ma sumul. Wannan har yau bai san dalili ba.

Lorna Beaudoin, shugabar sashen gyara, ba ta yi masa faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

"Verne, na sama sun matsa min. Wai a manna wa kowane boris na'urarsa ta dindindin, wasu a birni su riƙa duba mana. Na ce su dakata. In aka yi na uku, bakina ya mutu."

Shekarunsa hamsin da takwas, kuma babu wata masana'anta a garin. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tun daga ranar ya fara yi wa ƙarfe fatan sharri. In ya buɗe zane ya ga lafiya lau, sai ransa ya ɓaci. Har a coci ya taɓa kama kansa yana roƙon wani abu ya tsage.

Sai ga ɗan tsini a ganga ta talatin da ɗaya. Ƙarami ne, ya ɗan ɗaga kai daga cikin tarkace, da wasu ƙanana biyu a gefensa kamar 'yan rakiya. Zoben ciki. Mako biyu yana aunawa. Ran Litinin ya gan shi, ran Laraba ya ɓace, ran Juma'a ya dawo. Ya canja tacewar, ya tsawaita awon, ya kalla har idonsa ya yi ruwa. Yana ganin tsinin ne don yana nan, ko don yana bukatar ya gan shi? Ya rasa wanda zai tambaya, don duk masana'antar shi ake tambaya. In ya yi shiru kuma zoben ya fashe inji na gudu, akwai mutane a gindin gangar.

Ya rubuta a tsayar.

Stosh Wojcik, babban makaniki, wanda suka shiga aiki shekara ɗaya da shi, ya karanta takardar ya yi tsaki.

"Boka, ka tabbata? Ko dai aljanun naka sun sake shan giya?"

"Ka ciro min shi kawai."

"Zan ciro, ranka ya daɗe. Amma in na ƙone hannu a banza, kai za ka riƙa ɗaura min igiyar takalmi."

Tun asuba makanikai suke fama. Sai da rana ta take aka sauke boris ɗin a bita, girmansa ya kai tayar mota, baƙi ƙirin da mai. Stosh ya ce a bar shi ya huce, kowa ya je ya ci abinci. Suka watse, aka bar Verne da shi.

Da ya ɗan huce, Verne ya juya shi da hannu. Ya juyu lumui, ko ƙis. Ya goge inda yatsansa ke iya kaiwa tsakanin 'ya'yan, ya shafa. Sumul. Ya matsa gaba, ya shafa. Sumul. A ransa ya ga Lorna tana sunkuyar da kai, ya ga kansa a gida ƙarfe goma na safe, matarsa na kewaye shi da tsintsiya.

A aljihun rigarsa akwai tsinken zanen ƙarfe, mai bakin da ya fi boris tauri. Bai tuna lokacin da ya sa shi a aljihu ba. Wannan ne ya fi tsorata shi, don ke nan tun safe wani sashe na zuciyarsa ya riga ya yanke shawara. Ya zura tsinken kan zoben ciki, ya danna da duk ƙarfinsa, ya ja. Sau biyu. Ya shafe wurin da baƙin mai, ya je ya zauna gaban abincinsa bai ci ba.

Ƙarfe ɗaya aka taru. Stosh ya yanka zoben waje, ya zubar da 'ya'yan, ya wanke zoben ciki, ya shiga juya shi a hankali ƙarƙashin fitila. Verne ya ga inda hannun Stosh ya tsaya. Zane biyu ne, sababbi fil, suna ƙyalli, babu abin da ya taɓa taka su. Ko makaho ya shafa ya san aikin hannu ne. Stosh bai ɗaga kai ba. Ya ɗora babban yatsansa a kai, ya ci gaba da juyawa da zoben da yatsan gaba ɗaya.

Can ɗaya ɓarin, inda yatsan Verne bai kai ba, ga tsaga siririya kamar gashi, ta ratsa zoben daga baki zuwa baki, gefenta ya fara ɓarɓashewa.

"Ga ta nan," in ji Stosh. "Wannan ba za ta kai ƙarshen wata ba."

Bita ta kaure da ihu. "Boka ya dawo!" Wani ya daki bayansa. Lorna ta sauke numfashi, ta ce yanzu za ta kira na sama. Stosh ya jefa zoben cikin durom ɗin tarkace da kansa, ya jibga wasu ƙarafa a kai.

Da aka watse, Stosh ya tsaya yana goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Ka ji daidai, Verne. Tun farko ka ji daidai."

Verne ya kalli durom ɗin tarkace.

"Ba zan faɗi zancen zanen nan ba, kada ka damu. Amma ni ke tura mutane ƙarƙashin gangunan nan a kan maganarka. Gobe in ka kawo min takarda, yaya zan yi da ita?"

Stosh ya ajiye tsumman ya koma wajen inji, don har yanzu ba a ɗaura sabon boris ba.