Ragon da Ilu Ya Hura

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da safiyar Litinin ɗin da aka sa Ilu ya hura ragon Alhaji Sale ba. Tunda yau kun ce in miƙa wa Nasiru wakilcin nan, ku bar ni in feɗe muku biri har wutsiya, don waɗanda suka shigo kwatar nan daga baya famfon hura dabba suka tarar, sun ɗauka da shi aka haife mu.

A lokacin ban daɗe da zama wakilin lafiya na ƙungiyarmu ba. Suna babba, aiki kuwa na mai gadin da ba a ba shi sanda ba. Mahauta da masu fiɗa da masu wankin kayan ciki ne suka zaɓe ni in sa ido kan abin da zai cuci ma'aikaci: santsin daɓe, magudanar da ta toshe, igiyar kayar da sa da ta ruɓe, wanda ya yanke ya ɓoye ciwon. In na gani in faɗa wa shugaba. Iyakata ke nan, faɗa. Mai ikon hana yanka ko ƙwace nama shi ne malamin dabbobi. Shi yake duba dabba da ranta, ya duba naman bayan fiɗa, ya buga hatimi, sannan a fita da shi kasuwa. Malamin namu kuwa shi kaɗai ne, kwatarmu da na ƙauyukan hanyar Zango duk a wuyansa suke, a kan babur ɗaya.

Ga baƙinmu da ba mahauta ba, bari in faɗi mene ne huri. Idan an yanka akuya ko rago, mai fiɗa yakan tsaga fatar ƙafar baya kaɗan, ya zura tsinke ya buɗe hanya, ya kafa bakinsa ya yi ta hurawa har dabbar ta kumbura tim. Sai ya bubbuga ta da tafin hannu, iska ta ratsa, fata ta saki nama ta fita ba huji. Haka muka gada. Duk kwatar nan ba wanda ya kai Ilu. Siriri ne, mai iyali, ba ruwansa da hayaniya, amma ƙirjinsa kamar zugazugin maƙera. Na sha kawo maganar a sayi famfon keke a daina kafa baki a jikin ɗanyar dabba. Ranar da na fara faɗa a taro, Alhaji Sale, wanda ya fi kowa kawo dabbobi kwatar, ya ce, "Wakili, nan kwata ce ko wurin faci?" Aka yi ta dariya har da masu share hawaye. Wasu suka ce iskar famfo za ta sa wa nama warin roba, aka tashi taron a haka.

To, farkon damina ne. Alhaji ya sayo tumaki a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, wayewar gari wani ƙaton rago ya faɗi yana makyarkyata. Kun san halinmu: dabba ta faɗi, a ruga da wuƙa kafin ta zama mushe. A kan amalanke aka yanka shi, aka turo shi daɓen fiɗa. Ina zuwa na ga jinin. Baƙi ƙirin kamar kwalta, yana tsiyaya ya ƙi daskarewa, har ta hanci da ta baya. Mahaifina ya taɓa nuna min irinsa a jikin wata saniya, ya ce cuta ce, sunanta saifa, kuma ba ta barin wanda ya taɓa ta.

Na ce, "Alhaji, kar a taɓa ragon nan. Ina zargin saifa ce."

Ya ce, "Saifar me? Da idona na ga ya shura bayan wuƙa. Halal ne."

Na ce, "Ban ce mushe ba ne. Halal ne, amma halal ɗin da zai kai mutum kushewa."

Ya ce, "Yaushe ka zama likita? Ilu, kama aikinka."

Ilu yana tsaye da wuƙa a tsakanin haƙoransa, yadda masu fiɗa suke yi in hannu ya cika. Ita ce ma ta ɗan tsaga masa leɓen sama kwanakin baya, tsagar ba ta gama haɗewa ba. Na kira malamin dabbobi, na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ya ce, "Hamisu, kar a huda shi, kar a feɗe, kar kowa ya sa hannu. Ga ni nan tafe." Na tsaya a kan ragon, ƙafa nan ƙafa can, na ce duk mai son fiɗa ya fara da ni.

Alhaji bai ƙara ce min komai ba, ya zagaya bayan katanga inda rumfar dattawa take. Jim kaɗan na ji muryar shugabanmu, Baba Ɗanjuma: "Hamisu, zo mana." Ku da kuka san shi kun san matsayinsa a wurina. Aminin mahaifina ne, shi ya yanka ragon sunana. Ɗan halak ba ya jin wannan kira ya tsaya. Na nuna Ilu da yatsa na ce, "Kar ka kuskura." Ya gyaɗa kai.

Na durƙusa a rumfa. Baba ya soma da tarihin mahaifina, ya gangaro kan ladabi, ya koma kan alherin da Alhaji ya yi wa ƙungiya. In na ce, "Baba, ragon," sai ya ce, "Ina zuwa, ba a katse babba." Yana cikin magana na ji ƙarar daga bayan katanga: bam, bam, bam. Tafin hannu a kan fatar da ta cika da iska. Wallahi har yau in na ji yaro yana buga jarka sai jikina ya yi sanyi. Na dubi Baba, ya kau da kai, a nan na gane ba magana aka kira ni ba, ɗauke ni aka yi.

Na iske rago ya kumbura, Ilu ya riga ya tsaga ciki, bakinsa caɓa-caɓa da baƙin jini. Bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce, "Yaya Hamisu, Alhaji ya ce in ban hura ba kar in ƙara taka inda dabbarsa take. Yara fa?" Abin da na faɗa wa Alhaji Sale ranar ba zan maimaita shi a gaban baƙi ba, sai da ƙarti suka rirriƙe ni. Kuma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Malamin dabbobi ya iso, ya ga saifar ta kumbura ta yi baƙi, ya dafe kai. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi a bayan kwata, aka ƙone ragon da fatarsa aka binne, aka rufe wannan ɓangaren daɓen aka wanke da magani. Ya ce duk wanda ya taɓa jinin ya tafi asibiti yau, ba gobe ba. Yana juya baya Alhaji ya ce sauran tumakinsa ba za su feɗe kansu ba. Ilu ya kurkure baki da ruwan gishiri ya koma aiki. Na bi shi har gida da yamma ina roƙo, ya ce, "Haba Yaya, jinin mahauci ya fi ƙarfin wannan." Wannan magana ita ma gadonta muka yi, kuma ta kwantar da mazaje da yawa.

Bayan 'yan kwanaki ƙurji ya fito a kan tsagar leɓen, yana ƙaiƙayi, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi. Kafin ka ce kwabo fuska ta haye, ido ɗaya ya rufe, kumburi ya gangara wuya har numfashi yana yi masa wuya. Ni na goya shi a babur zuwa asibiti a Daura, na ɗaure shi a bayana da rawani don kar ya zame. Allah ya saka wa ma'aikatan can da alheri, sun yi tsaye a kansa da allurai da ƙarin ruwa. Ilu ya tashi, amma da ciwon ya warke sai tabo ya janye leɓen sama, bakin ya daina rufuwa daidai.

Tun yana kwance a asibiti aka kira taron ƙungiya. Ku ji abin da aka tattauna! Aka yi hamdala naman bai fita kasuwa ba, sunan kwatarmu bai ɓaci ba. Aka jajanta wa Alhaji asarar ragonsa. Na miƙe na ce, "Ilu fa?" Baba Ɗanjuma ya ce, "Ƙaddara ce, Allah ya ba shi lafiya." Na ce, "Baba, ƙaddara ce ta kira ni rumfa?" Aka ce na yi wa babba rashin kunya, aka so tsige ni, masu fiɗa da masu wankin kayan ciki suka ce sai dai a tsige su duka. A ranar na fahimci duk dokar kwata, duba da hatimi da ƙwace nama, don mai cin tsire aka yi ta. Wanda bakinsa yake cikin jinin ba a yi masa ko ɗaya ba.

Ilu ya dawo, ya kama ƙafar akuya ya kafa baki, iska tana ta zurarewa ta gefen tabon. Ya gwada, ya sake gwadawa, mutane suna kallo. Alhaji ya ce, "Wannan ai ba ya riƙe iska," ya kira wani. Shi ke nan. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Famfon kuwa, kun san wa ya kawo shi? Alhaji Sale, ana gab da Babbar Sallah, da raguna suka yi masa yawa ya ga huri da baki yana ɓata masa lokaci. Ya sauke shi daga mota yana taƙama wai ya kawo wa kwata ci gaba. Ba wanda ya ji warin roba, ba wanda ya tuna wurin faci. Abin da aka hana don leɓen Ilu, an kawo shi don saurin ragunan Alhaji.

Ilu yana nan, ga shi can bakin magudana yana wankin tumbi, ku da kuke wuce shi kullum ba ku san shi ne sarkin fiɗar kwatar nan ba. Ku lura da shi in zai sha ruwa, sai ya tara hannu a ƙarƙashin haɓa.

Ban yi nadamar amsa kiran babba ba, haka aka rene mu. Abin da yake ƙona min rai shi ne sun san haka aka rene mu, kuma da shi suka ɗaure ni. Sana'ar nan tana da mutanen kirki, amma in dabba tana ƙasa riba tana kallonsu, har ladabinka sai su mai da shi igiya. Don haka Nasiru, ba ni da sandar da zan miƙa maka, ni ma ba a ba ni ba. Abu ɗaya na koya. Ranar da ka tsaya a kan dabba ka ce kar a taɓa, aka kira ka gefe, ko wane ne ya kira, ka cire hula, ka russuna, ka ce, "Baba, taso mu yi maganar a nan." Kuma kar ka ɗaga ƙafarka.