Ƙauyen da Ko Sauro Babu

Funtua

Ana sallame Asuba muka ɗau hanya, ni da Bola, 'yar Bayeraben nan mai sayar da taya, haihuwar unguwarmu. Yanzu tana aiki da wata hukumar ƙasashen duniya mai bin sawun magungunan ƙwarin da aka yi yarjejeniyar haramtawa. Ni tsohon malamin gona ne. Ta ɗauke ni ɗan jagora don tsohon siton maganin auduga yana ƙauyen da yayata Hajara ke aure.

"Baba, ƙasashe sun sa hannu, dole a kwashe ragowar," in ji ta.

Na ce, "Masu sa hannun sun taɓa ganin hanyar Tsiga?"

Tsiga

'Yan sintiri suka leƙa mota, suka ga takunkumin fuska da safar hannu, suka ja baya. Muka sha koko da ƙosai, muka saki kwalta.

Ƙauyen Yaya

Da hantsi muka isa. Damina ce, tafki ya cika, amma ba kukan kwaɗo, ba tsuntsu, ba ƙuda. Sito a buɗe, wayam, sai wari mai hawa ka.

Yaya ta tare mu da murna. "Lale! Ai mu nan ko sauro babu."

"Yaya, ina gangunan sito?"

"Da rediyo ya ce duniya ta hana maganin, muka ce lalle mai kyau ne, kwashe mana za su yi. Aka raba gida-gida. Garin maganin muna barbaɗa wa wake. Ganga kuwa, ga tawa."

Gangar na ƙarƙashin indararo tana tarar ruwan sama, jikokin Yaya na ɗiba. Yaya ta ciko moɗa ta miƙo mini. Tunda nake ban taɓa ƙin ruwanta ba. Na zubar, na tunkuɗe gangar. Ta dube ni, ta ce, "Tanko, a gaban baƙuwa?"

Komawa

Har Tsiga Bola na kan waya. Aka ce sai kwamiti ya zauna kafin a turo motar kwashewa. La'asar ta yi mana a Funtua, mun gode Allah da ya dawo da mu lafiya.

Tsoro nake ji har yanzu. Ran nan muna fita daga gidan na waiwaya, na ga Yaya tana tayar da gangar. Jiya kuma an yi ruwa a can.