Gwaggo Tabarau Mai Karanta Bayan Kwalba

Kafin a fara kiranta Gwaggo Tabarau, matar kafinta ce kawai, mai 'ya'ya huɗu, wadda take share kantin maganin ƙanin mijinta da safe, ta goge kantoci, ta jera kwalaye. Karatunta bai wuce aji uku na sakandare ba. Tana iya haɗa baƙin Turanci a hankali, tana bi da yatsa, leɓenta na motsi. Ba wanda ya zaci wannan ɗan karatun zai yi mata rana.

Tana da shekara arba'in da huɗu aka yi mata aiki a asibiti, aka cire mahaifarta da ƙwayayenta, saboda wani ƙari da ya shekara yana sa ta zubar jini. Ta warke sumul, har ta yi kumatu. Abin da ba wanda ya zauna ya gaya mata shi ne jikinta na ciki zai bushe. Kusantar mijinta, abin da suka shekara ashirin da biyar suna yi cikin daɗin rai, ya koma mata azaba. Sai ta shiga ƙirƙirar uzuri. Yau baya, gobe ciwon kai, jibi wai autarta na tari, gara ta kwana kusa da ita.

Kafinta mutum ne marar yawan magana. Wata rana ta kai masa abinci shago, ta tarar yana goge ƙafar kujera. Ya ajiye aikin, ya kakkaɓe garin katako daga gemunsa, ya ce, "Uwar yara, in wani laifi na yi miki, ki faɗa mini. Na bincika kaina har na gaji, ban gano ba."

Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba, Malam."

Ta ajiye kwano ta juya da sauri, don kada ya ga idonta. Duk hanya tana share hawaye da gefen mayafi.

A kantin akwai wani lungu can ƙasa, bayan audugar mata, inda ake ajiye man santsi na ma'aurata. Kullum tana goge wurin tana kawar da kai. Washegari da ƙanin mijin nata ya fita, ta tsuguna ta zaɓi wanda ya fi kyan kwali, ja mai hoton 'ya'yan itace, an rubuta a jikinsa wai yana ɗumama jiki. Ta biya a aljihun tebur, ta cusa shi can ƙasan jaka kamar wadda ta yi sata.

Ɗumin da aka yi alkawari ya zo, amma da rakiya. Kwana uku tana tafiya a tattale, raɗaɗi da ƙaiƙayi sun hana ta zama wuri ɗaya. A na huɗu ta haƙura ta tafi ƙaramin asibitin unguwa.

A can akwai wata nas dattijuwa da mata suka sa wa suna Sista Faɗa, domin ba ta iya gaisuwa ba sai ta haɗa da tsawa. Ta duba ta, ta wanke hannu, ta ce, "Me kika sa?"

Matar kafinta ta sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah, ni na haifi bakwai, na karɓi haihuwar da ban san adadinta ba. Ba abin da za ki faɗa ya ba ni mamaki. Fito da shi."

Ta fito da shi. Sista Faɗa ba ta ko kalli hoton da ke gaba ba, ta juya bayansa ta kai shi kusa da taga.

"Kin iya karatu?"

"Kaɗan-kaɗan."

"To matso. Gaban kwalba na mai talla ne, bayanta ne naki. Kin ga wannan jerin? Abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. Karanta mini na biyu."

Ta bi da yatsa. "Gili... gilisarin."

"Yawwa. Ɗan'uwan sukari ne. Wasu matan ba ya yi musu komai, amma in ya yi yawa yana zuƙe ruwan fatar ciki, kuma mai yawan fama da ƙaiƙayi yana iya tayar mata da shi. Wannan na ƙasa turare ne. Me turare zai je yi a can? Wannan kuma shi ne mai ɗumin, ba shi da maraba da shafa yaji. Ke da fatarki ta yi laushi bayan aiki, kika ɗauko wuta kika sa wa kanki."

Ta rubuta mata maganin ƙaiƙayin, ta ce ta huta sati biyu. Sannan ta yago takarda ta rubuta abin da za ta nema: mai ruwa, marar ƙamshi, marar launi, mai gajeren jeri. In bai wadatar ba, mai silikon, wanda ya fi daɗewa bai bushe ba. Ta ƙara da cewa in bushewar ta ƙi sauƙi, akwai maganin da likita ke rubutawa, ta dawo a haɗa ta da shi.

"Kuma ki gaya wa mijinki," in ji ta. "Ba boka ba ne, ba zai sani ba sai kin faɗa."

Wannan ne ya fi yi mata wuya. Ranar wata Asabar da hantsi, yara sun fita, tana tsince wake a tsakar gida, ta faɗa masa komai ba tare da ta ɗago kai ba. Kafinta ya zo ya zauna kusa da ita. Can ya ce, "Yanzu wata takwas kina shan wannan wahala ke kaɗai? Ni kuwa ina can ina tunanin warin fenti ne ya kore ki, har sabulu na canza sau uku."

Dariya ta ƙwace mata, waken ya zube. Tun daga ranar gidan ya dawo daidai, har babbar 'yarsu da ta zo ganin gida ta ce, "Umma, wai me Baba yake ba ki ne kike ta sheƙi haka?"

Da wata ce, da nan maganar ta ƙare. Ita kuwa abin ya tsaya mata a rai. In ita da take kwana tana tashi cikin kwalayen magani ta faɗa wannan rami, ina ga wadda take aiko a saya mata a naɗe cikin takarda? Ta je wurin mai gyaran agogo ta sayi gilashin ƙara girman rubutu, ta ɗaura masa zare ta rataya a wuya. Daga nan sunan Tabarau ya samo asali. Duk lokacin da kanti ya yi shiru, sai ta kwaso kayan lungun nan ta baje, ta kwafe sunayen da ke bayansu cikin wani tsohon littafin autarta. Ranar Laraba ta kai wa Sista Faɗa, ita kuma ta yi ta mita wai an hana ta shan shayi, amma ba ta taɓa korar ta ba. A haka ta san wanda aka sa don kada man ya lalace, irin su farabin, da har yanzu masana ke ja-in-ja a kansa. Ta san mai kashe maniyyi, wanda yawan amfani da shi ke ƙuje fatar ciki. Ta san mai kashe zafi, wanda Sista ta fi tsana, domin a cewarta zafi ɗan aike ne, in ka toshe masa baki za ka ji rauni ba ka sani ba.

Ƙanin mijin nata, wanda unguwa ke kira Dakta ko da yake takardar sayar da magani kawai gare shi, ya sa ta gaba da tsiya. "Matar Yaya, jarrabawa za ki zauna ne? In kin zama farfesa kada ki manta da mu."

"Kai dai ka ji da maganin tarinka," take ce masa. "Wannan lungun ya fi ƙarfinka."

Mata suka fara gane ta. Mace za ta shigo ta yi ta juya kwalin man goge baki har maza su watse, sannan ta matso ta ce, "Gwaggo, wai don Allah..." sai maganar ta maƙale. Gwaggo Tabarau takan ce, "Zo ki taya ni duba wani abu a baya." A can, tsakanin katan-katan, ake maganar. Akwai matar wani malamin makaranta da suke tazarar haihuwa da kwaroron roba, amma suna haɗawa da man shafawa mai maiƙo. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "'Yar nan, maiƙo yana cinye robar, ta yage ba ku sani ba. Mai ruwa ko mai silikon za ki riƙe." Akwai wata mai neman haihuwa shekara uku, ta gaya mata wasu mayukan suna rage wa maniyyi gudu, ta nemi wanda aka rubuta ba ya hana ɗaukar ciki, kuma su je asibiti ita da mijin. Wadda ta zo da zubar jini ko ciwon da ya daɗe kuwa, ba ta sayar mata da komai. Mayafi take ɗauka ta raka ta wurin Sista da ƙafarta.

Ranar da sunanta ya fita unguwa, wani dillali ne ya jawo. Mai Jaka ake ce masa, mutum mai zaƙin baki da takalmi mai ƙyalli. Ya sauke katan guda a kan teburin kantin, ya ce sabon kaya ne, mata na rububinsa a ko'ina, yana ɗumamawa, yana matsewa, yana kashe zafi, abu uku a kwalba ɗaya. Dakta har ya fara washe baki.

Gwaggo ta ɗauki ɗaya, ta juya bayanta, ta ɗora gilashinta. Ta juya ta sake juyawa.

"Malam, ina jerin abin da ke ciki?"

"Sirrin kamfani ne, Hajiya."

"Ranar lalacewa fa? Lambar hukuma fa? Ko sunan wanda ya yi shi ban gani ba."

Mai Jaka ya dubi Dakta ya yi murmushi. "Oga, mai shara ce take maka cinikin yanzu?"

Akwai mutum biyar ko shida a tsaye, har da wani tela da ya zo sayen filasta. Gwaggo ta ji maganar har cikin ƙashinta, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mai shara ce. Shi ya sa na san shara in na gan ta. Ba za a sa wannan a lungun nan ba ina raye."

Dakta ya ce, "Haba Matar Yaya, a gwada ko dozin ɗaya mana."

"A jikin wa za a gwada? Matarka ko 'yar wani?"

Mai Jaka ya ga ciniki na neman kuɓuce masa, ya bugi ƙirji. "Wannan kayan, wallahi ko a baki aka sa ba abin da zai yi. Tsabtatacce ne!"

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo. Ta buɗe kwalbar ta miƙa masa. "Fatar cikin leɓe 'yar'uwar waccan ce. Bismillah."

Ya dubi mutane, mutane suka dube shi. Ba hanyar ja da baya. Ya lakata da yatsa ya goga a cikin leɓensa na ƙasa, ya ci gaba da zuba bayani. Bai kai ƙarshen zance na uku ba idonsa ya kawo ruwa. Leɓen ya yi ja, ya saki, maganar ta fara fita a karkace, miyau na bin gefen baki bai sani ba. Ya ce a ba shi ruwa, amma abin da ya fito daga bakinsa ba wanda ya gane sai da ya nuna randa da hannu. Telan nan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Gwaggo da kanta ta ɗebo masa ruwan, ta ce, "Kurkure da kyau, ɗana. Kai minti biyu ka yi. Ka tuna da wadda za ta kwana uku da shi, kuma kunya ta hana ta faɗa wa kowa."

Ya kwashi katan ɗinsa ya fita, hannu a baki. Dakta bai bar maganar a nan ba, ya riƙe kwalba ɗaya ya kai wa jami'an da ke duba magunguna, aka bi kantunan yankin aka janye sauran.

Da yamma ya tarar da Gwaggo tana goge kantoci, ya tsaya yana susar ƙeya. "Matar Yaya, na tuba. Daga yau duk abin da zai shiga lungun can, sai kin sa hannu."

"Sai ka ƙara da labule," in ji ta. "Mata sun gaji da raɗa a bayan katan."

Kafinta ne ya zo da kansa ya auna wurin. Ya yi mata ɗan ɗaki na katako a kusurwar kantin, da benci mai cin mutum biyu da kanta mai hawa uku, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Da Dakta ya tambaye shi ko ya san abin da za a riƙa tattaunawa a ciki, ya ce, "Na fi ka sani, yaro," ya ci gaba da buga ƙusarsa.

Bayan wata biyu Sista Faɗa ta aiko a kira ta. Ranar awon masu ciki da masu jego ce, mata sun fi sittin a kan bencina. Ta tsayar da ita a gabansu ta ce, "Ni in na yi magana kun ce faɗa nake. Ga 'yar'uwarku, ku saurare ta." Gwaggo ta gyara tsayuwa. Ta fara da labarin kanta, da jan kwalin, da tafiyar kwana uku a tattale. Wurin ya ɓarke da dariya, kunya ta kama gabanta, hannuwa suka yi ta tashi da tambayoyi har azahar.

Yanzu ta haura sittin, gashinta ya yi fari, jikokinta tara. Ta koya wa mata huɗu masu aiki a wasu kantunan, kowace da nata lungun. Ranar Laraba har yanzu tana zuwa asibitin, ko da yake Sista Faɗa ta yi ritaya, sabbin nas-nas ɗin kuma Mama suke ce mata, suna ajiye mata kujera kusa da fanka. Kwanan baya wani dattijo ya shigo kantin, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce matarsa ce ta aiko shi, ta ce ya nemi Gwaggo, ita ƙafa ta hana ta fitowa. Gwaggo ta ɗaga labule ta ce, "Shigo, Alhaji, zauna. Kai ne namiji na uku a wannan satin. Allah ya yi wa mazan da suka fara hankali albarka."