Mai Juya wa Odile Shafi

Duk Asabar da ƙarfe biyu na rana, Anatole Vergnes yakan rufe shagonsa na ɗinkin littattafai a Figeac, ya wanke hannu, ya nufi zauren kiɗa na gari. A bakin dandamali yake tuɓe takalmi, don kada katako ya yi ƙara. Sai ya zauna a hagun Odile, mai kaɗa piyano. Aikinsa ɗaya ne: in ta kusa ƙarshen shafin takardar kiɗa, ya miƙe, ya kama kusurwar sama, ya juya. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ba a taɓa buga sunansa a takardar sanarwa ba.

Odile da Madam Cazals mai selo, babban gogen nan da ake dafewa tsakanin gwiwoyi, ba sa kaɗa abin da kowa ya sani. Tsofaffin sonata suke tonowa, kiɗan mutum biyu da aka manta da Faransawan da suka rubuta shi. Takardun sun tsufa, suna manne wa juna.

Mutum ɗaya ne bai taɓa gode masa ba: Firmin mahauci, mijin Odile. Daga layi na uku yake kallon kafaɗar Anatole kusa da kafaɗar matarsa. Matarsa ta ɗan ɗaga haɓa, Anatole ya miƙe. Wani lokacin ma kafin ta ɗaga.

"Wai takarda kake karantawa ko fuskar matata?"

"Duka biyu, Firmin. Aikin ke nan."

Da zaginsa Anatole ya yi, da ya fi wa Firmin sauƙi.

Bara idon Odile ya raunana. Ta ce ranar da ta yi tuntuɓe a gaban jama'a, ta rufe piyano ke nan har abada. A wasan farko bayan wannan magana Firmin ya tare wa Anatole hanya.

"Yau ni zan zauna. Juya takarda ne fa, ba fiɗar saniya ba."

"Firmin, ka rufa mini asiri," in ji Odile.

Bai ji ba. Anatole ya ba shi kujera, ya sauka cikin jama'a.

A shafi na tara Firmin ya lashi yatsa, ya juya biyu a haɗe. Hannun Odile ya tsaya cak. Madam Cazals ta riƙe sauti ɗaya tana ja, tana ja, bakan gogen na ƙarewa. Anatole ya hau, ya raba shafukan da farce, ya ɗora yatsa inda take. Kiɗa ya ci gaba.

Bai karɓi kujerar ba. Ya koma bayan labule inda Firmin kaɗai ke ganinsa, duk shafi yana gyaɗa masa kai, har ƙarshe. Odile ba ta rufe piyano ba.

Kai ne, Anatole, da ka ceci matar ba ka tozarta mijin ba. Mai hannu marar gaggawa.

Watan nan Anatole ya ajiye aiki, yatsu sun fara rawa. Firmin ya kai masa cinyar rago, ya dire a kan tebur.

"Ba don ina son ka ba."

"Na sani."

"To wa zai zauna mata yanzu?"

"Ana nema."

Firmin ya ce, "A samo wanda ya kai ka. In da hali, mace."

Mun gode, Anatole. Ku kuma matasan garin nan da kuka iya karanta kiɗa, ba kowa ne za a tafa wa ba. Odile na da wasa ranar Asabar, kuma idonta bai ƙaru ba. Wani ya je ya koya tun tsohon yana iya nunawa.