Bahijja, Wadda Ta Rufa Wa Matan Jakara Asiri

Ranar Talata, 15 ga watan Yuli, 2025, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Bahijja Lawal Jakara tana da shekara talatin da huɗu. Da la'asar aka yi mata salla a ƙofar gidanmu, kafin magariba an kai ta makwancinta. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Na maimaita wannan kalma a ranar har bakina ya bushe. Amma har yau, Bahijja, in na ji motsin ƙyauren soro sai na ɗaga kai ina zaton ke ce.

Da sikila aka haife ki. Ni da nake yayarki na fi kowa sanin yadda ciwon yake kama ki, domin ni ke dafa ruwa in gasa miki ƙafa da baya, kina cije leɓe don kada Inna ta ji kukanki. Da marigayi Baba ya ga ba kya iya wasan tsakar gida kamar sauran yara, sai ya samo wata tsohuwar kwamfuta wajen abokinsa a kasuwar Kurmi, ya ajiye miki a ɗaki don ta ɗebe miki kewa. Bai san sana'a ya ba ki ba. Da ita kika tashi, ita kika karanta, har kika zama malamar kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Gwale.

Aikin da mutanen unguwa suka san ki da shi kuwa ba na albashi ba ne. Duk matar da wayarta ta fara zafi, ko caji ya daina zama, ko talla marar kyau ta riƙa faɗo mata a gaban 'ya'yanta, gidanku take nufa. Mata da yawa ba sa son miƙa wayarsu ga maza masu gyara, saboda abin da ke cikinta. Ke kuwa sai ki zaunar da mace kusa da ke, ki ce ta buɗe da hannunta, ki nuna mata abin da ya shiga da ta inda ya shiga. Ban taɓa jin kin yi wa wata dariya don ba ta sani ba.

Ina tuna ranar da kika duba wayar Inna, kika tarar da wata manhajar tocila da jikanta ya sauke mata. Kika ce, "Inna, wannan tocilar ta nemi izinin ganin lambobin mutanenki da sauraron muryarki. Haske kawai aka ce ta ba ki, me za ta yi da hirarki da Gwaggo?" Inna ta yi dariya ta ce ashe tocilar ma magulmaciya ce. Kika goge ta, kika nuna mata ta ainihi da ta zo da wayar. Abin da kike nanata mana ke nan kullum: kada mu sauke manhaja daga linkin da aka turo a guruf, ko da aminiya ce ta turo, mu je rumbun manhajoji da ya zo da wayar, mu karanta abin da manhaja take neman izini a kai kafin mu danna, in an ce ga mai tsada an fasa ta ta zama kyauta, mu bar ta, domin wanda ya fasa ta ba don Allah ya yi ba. Mukan ce kin cika tsoro. Sai ki yi murmushi ki ƙyale mu.

Daminar bara ce ta nuna mana abin da kike gudu. Dije mai kitso, wadda kusan duk matan layinmu suke zama a gabanta, ta saba ɗaukar hoton kan wadda ta yi wa kitso, da yardarta, don ta nuna wa masu zaɓen samfuri. Wata rana aka turo wani linki a guruf ɗin masu kitso da lalle, wai manhaja ce ta gyaran hoto, kyauta. Ta sauke. Manhajar ta nemi izinin shiga hotuna da lambobi, ta ba ta. Bayan 'yan makonni wata baƙuwar lamba ta turo mata hotunan nan ɗaya bayan ɗaya: matan aure, kai ba ɗankwali, wasu da ɗaurin ƙirji. Mai lambar ya ce ko ta biya shi, ko ya tura wa mazajensu, tunda lambobin duk suna hannunsa. Hotona yana ciki.

Ina gidanku Dije ta shigo, ko sallama ba ta iya ƙarasawa ba. Ta zube a tsakar ɗaki tana cewa ta kashe auren mutane, gara ta sayar da ɗan abin da ta mallaka ta ba shi, ta bar garin. Ke ce kika karɓi wayar, kika kashe data, kika ɗauki hoton saƙonninsa da taki wayar don su zama shaida. Sannan kika kama hannunta kika ce, "Yaya Dije, in kin ba shi yau, gobe ma zai dawo. Tsoronki ne kawai jarinsa. In matan nan suka ji daga bakinki kafin su ji daga nasa, ba shi da sauran abin sayarwa."

Ta ce ba za ta iya haɗa ido da su ba. Kika ce, "Tare za mu je."

A ranar kika wanke wayar tas, kika sauya mata duk lambobin sirrinta, mijinki Malam Umair ya kai ƙara wurin hukuma. Washegari kuka fara bin gidaje. Ruwa ake yi, lungunan Jakara duk sun cika da taɓo, kuma kin fi kowa sanin abin da sanyi yake yi wa ƙashinki. Na ce ki bari ni in raka ta, kika ce za a yi tambayoyin da ke kaɗai za ki iya amsawa. Haka kika sa safa da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi kuka fita. A kowane gida Dije ta faɗi abin da ya faru ta nemi gafara, ke kuma ki yi bayanin yadda ɓarawon ya shiga, ki duba wayar matar gidan kafin ku tashi. Inda mace ta ji tsoron gaya wa mijinta, sai ki jira shi ya dawo, ki yi masa bayani daga bayan labule. Akwai wani Alhaji Sabo da ya tashi da faɗa, ya ce sai ya ɗaure Dije. Kika saurare shi har ya gama, sannan kika ce, "Alhaji, matarka kitso ta je yi a cikin mata 'yan'uwanta. Wanda ya leƙa shi ne mai laifi, kada ka taya shi hukunta ta." Matarsa ta gaya mini daga baya cewa a ƙarshe ya shigo ya ce mata ta kwantar da hankalinta.

Mai baƙuwar lambar nan ya cika alkawarinsa, ya tura wasu hotunan. Sai dai duk wanda ya tura wa ya riga ya sani, aka goge, aka toshe lambar, magana ta mutu a nan. Ba a kama shi ba har yau. Wasu mata sun daina zuwa wajen Dije, wata ma har yanzu ba ta amsa gaisuwarta. Amma babu auren da ya mutu, kuma Dije ba ta bar garin ba. Ke kuwa kwananku na ƙarshe na yawon nan a asibiti kika ƙarasa shi, ana ƙara miki ruwa. Da na yi miki faɗa sai kika ce, "Yaya Hafsat, ciwon nan zai zo ko ina kwance ko ina tafe. Gara ya same ni ina tafe." Ranar da kika rasu, Dije ce ta roƙi Inna a sa ta cikin masu yi miki wanka. Ita ta raba gashinki gida uku ta kitse shi, hawaye na zuba.

Wannan karon ciwon bai zo da alamar ya fi na baya ba. Da safe kin sha kunu, kin tambaye ni ko 'yarki Ummi ta tafi makaranta da rigar sanyinta. Na ce ta tafi da ita. Bayan azahar kika ce in gyara miki matashi. Ina gyarawa na ji kina kalmar shahada a hankali, na zaci irin wadda kika saba yi ce in zafin ya taso. Shekara talatin ina jinyarki, Bahijja, na ɗauka na san duk fuskokin ciwon nan. Ban gane wannan ba.

Ranar sadakar uku wata tsohuwa daga Ƙofar Ɗan Agundi ta shigo da waya ƙunshe a bakin mayafi. Ba ta ji labari ba. Ta ga mata cike da tsakar gida, ta tsaya tana tambaya ko nan ne gidan malamar da ke duba waya, an ce mata ba ta karɓar ko sisi. Inna ce ta ce, "Nan ne, Hajiya. Kin makara kaɗan." Tsohuwar ta zauna a bakin tabarma ta yi ta kuka, alhali ba ta taɓa ganin fuskarki ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu, wadda ta yi rainonki sau biyu, kina ƙarama da kina babba, ta kuma ga tafiyarki. Ina yi wa Malam Umair, wanda ya aure ki yana sane da lalurarki, bai kuma taɓa nuna gajiya ba. Ina yi wa ɗalibanki na Gwale, da matan Jakara baki ɗaya. Ummi kuwa ban san da wane baki zan yi mata ba. Tana wurina, kuma kullum da yamma sai ta ɗauko takalminki ta jera a bakin ƙofa.

Ya Allah, baiwarKa Bahijja ta sha ciwo tun tana jaririya, ba mu taɓa jin ta yi Maka ƙorafi ba. Ka sa ciwon ya zama kankarar zunubanta. Ta suturta bayinKa mata a ranar da asirinsu ya kusa tonuwa, Ka suturta ta ranar da babu sutura sai taKa. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka haɗa ta da Baba a Aljannar Firdausi. Ka raya Ummi bisa tafarkin uwarta. Mu kuma Ka ba mu haƙurin da har yanzu ba mu samu ba, Ka kyautata namu zuwan. Amin.

Ki huta, ƙanwata. Yau babu inda yake miki ciwo.

Yayarki,
Hafsat Lawal Jakara